Za a yi wa Baba dashen fata, wa ya taɓa jinyar tsoho a kan haka?

Ummu Khalil: Assalamu alaikum. Babanmu shekararsa 74, yana da ciwon suga, ga gyambo a ƙwaurinsa ya ƙi rufewa. Likita ya ce a yanko fata a cinyarsa a dasa. Ni wurin da za a yanko ɗin ne ke ba ni tsoro, kada a rufe ciwo ɗaya a buɗe wani. Mu yarda?

Ɗan Fagge: Ku yi kawai. Yarona ruwan zafi ya ƙona shi, aka yi masa, sati biyu cinyar ta bushe.

Maman Ilham: Malam, yaro fa ka ce. Hajiyarmu, Allah Ya jiƙanta, dashen ya kama lafiya lau, cinyar ce ta zame mana jinya. Bandejin ya manne da naman, wani ma'aikaci ya zo ya fizge shi a bushe, ko jiƙawa bai yi ba. Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Daga nan sai ruwa, sai wari, zani ma ba ta iya ɗaurawa. Cewa take cinyar ta fi ƙafar zafi. Da muka yi magana aka ce tsufa ne.

Nas Hauwa: Allah Ya gafarta mata. Saman fata kawai ake ɗauka, ta ƙasan ce ke tofowa ta rufe wurin. Fatar tsoho siririya ce, shi ya sa takan kai sati uku ko fiye. Ummu Khalil, a fara daidaita sugansa kafin tiyata. Bandejin da ke manne da ciwon ba a ɓamɓare shi, shi ke saki da kansa. A ba shi ƙwai, wake da kifi.

Abu Sadik: Zuma ce maganin, ta Allah.

Nas Hauwa: Akwai zumar da aka tace don ciwo, amma ba ta bakin tasha ba. A tambayi likitansa.

Abu Sadik: Ku komai sai likita. Kakanninmu da me suka warke?

Maman Ilham: Wanda bai kwana a gaban gadon mara lafiya ba ya yi shiru.

Ɗan Fagge: Mu dubu 180 muka kashe gaba ɗaya.

Baban Walid: A wace shekarar? Ƙanina ya haura dubu 500, ban da wankin ciwo.

Ɗan Fagge: Da ana karɓar ta wani, da na ba Baba tawa, cinyata ta ishi mutum uku.

Baban Walid: Ni abin da ke ci mini rai, safar hannu, auduga, filasta, duk kai za ka sayo a waje. Ƙarfe biyun dare a miƙo maka takarda, kemis duk a rufe.

Maman Ilham: Ga mai jinya a baranda kan tabarma, sauro na cinsa, mai gadi na korarsa.

Ummu Khalil: Nas Hauwa, sugan nasa safiyar yau 11 ne. A haka za su yi aikin, ko sai ya sauka?

Baban Walid: Ku dai tafi da gidan sauro da fitila.