Shawarwarin 'yan kasuwar Birnin Kebbi kan tallar kaya ta imel

Wasu matasa masu sayar da shinkafa, atamfa da turaren wuta ta intanet a Birnin Kebbi sun tattauna kan yadda ake tallar kaya ta imel. Duk sun yarda cewa bai kamata a sayi jerin adireshin mutane ba. A nemi izinin kwastoma lokacin da yake biyan kuɗi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin hana a riƙa tura masa talla, kuma Gmail kan ware saƙon da ba a nema ba, mai shi bai ma gani ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne taken saƙo, wato layin da ake gani kafin a buɗe imel. "Sabbin kaya sun iso" ba ya motsa kowa. Wata mai sayar da shinkafa ta ce ita takan rubuta: "Shinkafar Argungu, buhu kilo 25, za mu kawo har gida ranar Asabar." A ganina nata ya fi, domin ya faɗi kayan a fili. Sai dai kada take ya yi tsawo, domin yawanci a waya ake karantawa, kuma waya na yanke dogon rubutu.

A cikin saƙon, gajeriyar gaisuwa, hoto ɗaya, farashi a fili, sai lambar WhatsApp. Ɓoye farashi da "a tuntuɓe mu" korar mai saye yake yi.

Tura saƙo sau ɗaya a mako ya isa, sai dai gab da sallah. A kuma bar wa wanda ya gaji hanyar cire sunansa.