Aikin dare ya canza mini hali

Mai Burodi, Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan ina aiki a gidan burodi, daga 10 na dare zuwa 7 na safe. In na koma gida barcin ba ya wuce awa uku, ga ɗakin kwano da zafin Garwa, kamar ban bar bakin tanda ba. Amma halina ne ya fi damuna. Jiya 'yar autata ta kifar da koko a tabarma, na daka mata tsawar da sai da ta ɓuya bayan uwarta. Da ba haka nake ba. Wani lokaci ƙunci ya rufe ni ba gaira ba dalili. Inna ta ce a karɓo mini rubutu.

Ma'aikaciyar jinya, Marwa:
Wa alaikumus salam malam, sannu. A cikin ƙwaƙwalwa, saman inda jijiyoyin idanu suka gitta juna, akwai ɗan gungun ƙwayoyin jijiya kusan 20,000. Shi ne agogon jiki, kuma da hasken da ido ya gani yake saita kansa. In duhu ya yi a saki sinadarin barci mai suna melatonin, zafin jiki ya sauka, barci ya zo. Gab da wayewar gari sai wani sinadari mai suna kotisol ya hau ya farkar da mutum. To kai kana fitowa aiki rana ta dalle maka ido, agogon ya ce gari ya waye, kai kuwa shimfiɗa kake nema. Sirotonin da dofamin, masu hannu a natsuwa da walwala, su ma wannan agogon suke bi, shi ya sa in agogon ya rikice zuciya take saurin hawa. Binciken agogon nan har kyautar Nobel ya ci a 2017, a jikin ƙudan 'ya'yan itace ma aka yi shi.

Sa baƙin tabarau a hanyar gida, toshe taga, ka riƙa kwanciya lokaci ɗaya kullum. In ƙuncin ya haura mako biyu, don Allah ka ga likita. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Direban dare, Kusiri:
Ɗan'uwa, shayin asuba fa? Ni shi ya hana ni sakat. Likita ya ce mini bayan awa biyar rabin sinadarinsa mai hana barci, wato kafeyin, na nan a jini. Daga 2 na dare na daina kurɓa.

Mai Burodi, Garwa:
Kofi uku nake sha kafin mu fitar da burodin ƙarshe, wallahi ban taɓa kawo shi a rai ba. Yau na rataya bargo a taga. Tabarau sai ranar kasuwa.