Muhawara: Shin cire batirin madabod yana goge kowace kalmar sirri ta BIOS?

Tsohon mai gyara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ga ana wahalar da masu tsofaffin kwamfutocin tebur da dogon bayani, alhali maganin matsalarsu ɗaya ne. Duk kwamfutar da ta tsaya tana neman kalmar sirri ta BIOS (manhajar da ke fara tada kwamfuta kafin Windows), ko aka kunna ta fanka tana juyawa amma allo ya tsaya baƙi ƙirin, abin yi shi ne a buɗe murfinta, a zare ɗan batirin nan CR2032 da ke kan madabod, wato babban faranti da dukkan sassan kwamfuta ke jone a kansa, a bar shi a waje na mintuna biyar, sannan a mayar. Saitin BIOS da kalmar sirrin suna zaune ne a ƙwaƙwalwar CMOS, wadda ba ta riƙe komai sai da wutar batirin mai bolt 3, kuma da zarar wutar ta yanke komai zai koma yadda ya fito daga kamfani. Wannan ita ce matsayata, wanda yake da ja sai ya kawo hujja.

Injiniya:
Wa'alaikumus salam Malam. Ina da ja, kuma a kan kalmar "duk" ne. Bayaninka ya dace da madabod ɗin da ake saya daban a haɗa kwamfuta da shi, domin a yawancinsu kalmar sirrin tana tafiya tare da sauran saiti. Amma kwamfutocin ofis na manyan kamfanoni, irin su Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP, da yawansu suna ajiye kalmar sirrin a ƙwaƙwalwar da ba ta buƙatar wuta ko kaɗan, kuma da gangan aka yi haka, don kada ma'aikaci ya karya tsaron ofis da zare batir kawai. A irin waɗannan, ko batirin ya kwana a waje, agogo ne zai koma baya, kalmar sirrin kuwa tana nan daram. Shi ya sa masu ƙera su suka tanadi wasu 'yan ƙusoshi a kan madabod da aka rubuta PSWD a gefensu, da ɗan marfin roba a kansu. Ana kashe na'urar, a cire marfin, a kunna ta sau ɗaya babu shi, a sake kashewa, sannan a mayar da shi. Da batir ya isa, da ba su ɓata lokaci wajen sanya wannan ba.

Tsohon mai gyara:
Injiniya, ban musanta cewa akwai irin waɗannan ba, sai dai mai tambaya ba ya neman lacca, hanya mafi sauƙi yake nema. Zare batir ba ya cin komai, ba ya kuma lalata komai. Idan ya yi aiki, shi ke nan. Idan bai yi ba, sai a nemi ƙusoshin da ka faɗa.

Malamar fasaha:
Malam, da girmamawa, maganar "ba ya lalata komai" ce ta sa na shigo. Idan saiti ya koma na asali, yanayin da madabod ke magana da faifan ajiya yana iya sauyawa, misali daga AHCI zuwa IDE, kuma Windows ɗin da aka girka a wancan yanayin sai ya ƙi tashi, ya nuna shuɗin allo mai lamba 0x7B. Mai kwamfuta zai zaci faifansa ya mutu, alhali saiti ɗaya ne ya juya, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Idan kuma faifan yana kulle da BitLocker, manhajar Windows mai kulle bayanan faifai, sauyin saitin na iya sa ya nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda mutane da yawa ba su taɓa ajiyewa ba. Ko kwanan wata ma ba ƙaramin abu ba ne, domin idan ya koma shekarun baya shafukan intanet masu tsaro za su ƙi buɗewa. Ba cewa nake kada a zare batir ba, cewa nake a gaya wa mutum abin da zai tarar bayan ya zare.

Ɗalibi:
Malamaina, ina neman ƙarin haske. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a hannuna da na zare mata batir har na tsawon awa guda, amma da na mayar ko agogonta bai sauya ba. Ke nan ita ma tana cikin waɗanda Injiniya ya ambata?

Injiniya:
Ba lallai ba ne, ɗan'uwa. Rashin sauyawar agogo yana nuna cewa wuta ba ta yanke wa CMOS ba sam. Muddin wayar wuta tana jone da soket, akwatin wutar kwamfuta yana ci gaba da ba madabod bolt 5 ko da an kashe ta, kuma wannan ya isa ya riƙe saitin babu batir. Ka zare wayar daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 zuwa 30 don ragowar wutar ta zube, sannan ka cire batirin. Sai agogo ya rikice amma kalmar sirri ta tsaya za mu ce maka ka nemi ƙusoshin PSWD.

Malamar fasaha:
Akwai kuma tambayar da ya kamata a fara yi: wace kalmar sirri ce? Akwai wadda ake nema kafin kwamfuta ta tashi, akwai wadda ke hana shiga saitin BIOS kawai, akwai kuma ta faifan ajiya. Ta ukun tana zaune ne a cikin faifan kansa, don haka batir da marfin roba ba su da iko a kanta, kuma ko an kai faifan wata kwamfutar zai tafi da kullensa. Na ƙara da cewa mai gyara na gari yana tabbatar da cewa na'urar ta wanda ya kawo ta ce kafin ya taɓa kowane kulle.

Tsohon mai gyara:
Kun tattaru a kan kalmar sirri, kun bar rabin maganata. Batun baƙin allo fa? Sau da yawa saitin da ya rikice ne ke hana hoto fitowa, kamar idan an zaɓi katin hoto a matsayin mafitar farko sannan aka cire katin, ko aka ƙure wa RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, gudun da ba zai iya ba. A nan babu mai musun cewa goge CMOS ne magani.

Injiniya:
A waɗannan misalai biyu na yarda da kai ɗari bisa ɗari, Malam. Inda muka rabu shi ne, su ne 'yan tsiraru. Tsohuwar kwamfutar da ta daɗe a ajiye, babban abin zargi a kanta RAM ne, domin ƙura da datti suna hana haƙoransa haɗuwa da ramin da kyau. A zare shi, a goge haƙoran, a mayar da sanda ɗaya tak har maƙallan gefe su kama, a gwada. Sai kuma kebul, domin idan akwai katin hoto a ciki amma aka jona kebul ɗin monita (VGA) a kafar madabod, yawancin na'urori suna kashe wannan kafar, monita ya ce babu sigina alhali kwamfutar ta tashi lafiya. Ita kanta na'urar tana faɗin ciwonta idan aka saurara. A BIOS ƙirar kamfanin Award, ƙara ɗaya gajere yana nufin gwajin farko ya wuce, dogo ɗaya da gajeru biyu kuwa matsalar hoto ce, kuma tsofaffin OptiPlex suna da fitilu huɗu masu lamba 1 zuwa 4 da ake karanta tsarinsu a littafin na'urar. Har ila yau, kwamfutocin farkon shekarun 2000 sun yi fama da kafasitoci ('yan gwangwanayen tara wuta da ke kan madabod) marasa inganci, waɗanda kansu ke kumbura ko ya tsiyaye, kuma madabod ɗin da ya kai wannan hali babu goge saitin da zai tashe shi.

Ɗalibi:
Idan kuma ba ta yin ƙara ko ɗaya, fanka kawai ke juyawa?

Injiniya:
Ka fara duba ko akwai 'yar lasifikar madabod, domin wasu ba su zo da ita ba. Idan akwai, ka cire RAM gaba ɗaya ka kunna. Madabod mai rai zai yi ta ƙara yana kukan rashin RAM, idan kuwa ya yi tsit, zargi ya koma kan akwatin wuta, ko wayar nan mai baki 4 da ke ciyar da firosesa, ko madabod ɗin kansa.

Tsohon mai gyara:
To, ni dai zan ci gaba da sanya batir a cikin matakan farko, ko don batirin da ya shekara da shekaru ya cancanci a auna shi da mita, a sauya shi idan ya yi ƙasa da bolt 3 sosai.

Malamar fasaha:
Aunawa da sauyawa babu mai hana ka, Malam. Sharaɗina kawai shi ne, idan har ana iya shiga BIOS, a ɗauki hoton kowane shafi na saitin da waya kafin a taɓa batirin, musamman shafin yanayin faifai da jerin abin da kwamfutar ke fara tashi da shi.