Keji, awaza ko kwando?

Jama'ar Zango, na tambaye ku kalmar Hausa ta ƙasusuwan da suka kewaye ƙirji, kun kuma aiko da amsoshi. Ƙanwata da ke karatun likitancin dabbobi a jami'ar KNUST ta Kumasi ta zo gida Aboabo jiya, tana yi wa Baba bayani a kan karen gadin maƙwabcinmu da ke kwance yana numfashi a gindin katanga. Sai ta cije a kan abin da Bature ke kira "rib cage", ta ce "kejin haƙarƙari". Baba ya ce, "Ke, keji kuma? Aku aka sa a ciki?"

Da gaskiyarsa. Keji ƙarfe ne, ba ya motsi, wannan kuwa motsi ne aikinsa.

Ga abin da za a raɗa wa suna. Kare haƙarƙari 13 gare shi a kowane gefe, mu 12. Tara na gaba guringuntsi ya haɗa su da ƙashin ƙirji, uku na biye da su sun kama juna, na ƙarshe yana reto shi kaɗai cikin tsoka. A jikin ramammen kare har turowa yake kamar kumburi. Ƙirjin mutum faɗi ya yi hagu da dama, na kare matsattse ne ta gefe, mai zurfi daga gadon baya zuwa ƙasa. In ya ja numfashi sai haƙarƙarin ya buɗe waje ya ɗan yi gaba, shimfiɗaɗɗiyar tsokar da ta raba ƙirji da ciki ta ja baya. Huhu ba ya hura kansa, wuri ake buɗe masa iska ta shiga. Ƙanwata ta ɗora ni ƙirge, na samu numfashi 22 a minti ɗaya, ta ce lafiyarsa lau.

Na ga amsoshinku. Wani dattijo mahauci a kasuwar Kejetia ya ce su "awaza" suke cewa tun kaka da kakanni. Dattijo, ban ja da kai ba, amma awaza gefe guda ce, wadda kake sarewa ka ɗora a sikeli. Mu gefen biyu muke nufi, da ƙashin baya da na ƙirji, duka a haɗe.

"Akurki" ya ba ni dariya, sai na ji kamar kaji za su fito. "Zuga-zugi" ya kama aikin, ya bar ƙashin.

Wadda ta ce "kwando", Hajiya, ke kika harbo ta. Saƙa ne kewaye, yana kare abin da ke ciki, in ka matsa shi ya lotsa, ka sake shi ya koma yadda yake. Guringuntsin nan ma haka yake yi. Don haka ni na tsaya a "kwandon ƙirji".

Na gwada wa Baba da asuba, na ce, "Dubi kwandon ƙirjin karen can yana hawa da sauka." Ya leƙa, ya ce, "Ai ramewa ya yi, a gaya musu su ƙara masa tuwo."