Zan kai Hajiya Chatsworth kafin ta koma Kano: mu shiga gidan ko mu tsaya a fili?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa Chatsworth, katafaren gidan tarihin nan mai lambu da fili da ke kusa da Sheffield, ku ba ni shawara. Mahaifiyata ta zo min zaman jego, saura mako uku ta koma, kuma in ban da asibiti da masallaci da kantin nama na bayan layinmu, babu inda ta taka a Sheffield. Jiya take ce min ita fa har yau ba ta ga Ingilar da ake faɗa ba, daga jan bulo sai hadari. Maganar ta tsaya min a rai. Asabar ta sama ce kaɗai ni da maigida muke gida tare. Ba mu da mota, bas za mu hau. Mu uku ne manya, yara biyu (shekara 7 da 4), ga jaririya. Hajiya tana fama da gwiwa, matakala sai tana hutawa. Mu sayi tikitin shiga cikin gidan, ko lambu da filin waje sun isa? Nawa zan tanada? Kuma a ina kuka yi salla?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Ku yi sammako kawai, don ku samu wurin ajiye mota kusa da gidan. In rana ta ɗaga sai kin yi tafiya mai nisa.

Ummu Haidar:
Ni da za ki ji tawa, fadar Blenheim za ki kai ta. Can aka haifi Churchill, tsohon Firaministan Birtaniya, a 1874, har ɗakin za a nuna muku.

Maman Ilham:
Malam Ɗan Fagge, ai na ce ba mu da mota. Anti Ummu, Blenheim fa kusa da Oxford yake, da jaririya da gwiwar Hajiya ina zan kai can in dawo a wuni ɗaya?

Baban Sadiq:
Ki yi katin iyali na National Trust, ƙungiyar da ke kula da tsofaffin gidajen tarihi, shi ke nan kin huta, shekara guda kina shiga irin gidajen nan kyauta.

Bakatsine a Leeds:
Baban Sadiq, za ka sa baiwar Allah ta yi asara. Chatsworth ba ya ƙarƙashin National Trust, katin ba ya aiki a can. Zuriyar Cavendish ke da wurin tun 1549, kuma iyalin mai sarautar Duke na Devonshire a ciki suke zaune, wata gidauniya ce ta daban ke kula da gidan. Inda katin ke aiki a yankin shi ne Hardwick Hall, ƙila shi ka je. Mace ɗaya ce ma tushen gidajen biyu, Bess ta Hardwick, shi ya sa ake haɗa su. Maman Ilham, bas mai lamba 218 da ke zuwa Bakewell daga Sheffield yana bi ta Chatsworth. Ki duba lokacin na ƙarshe tun kafin ku fita.

Ummu Haidar:
Kuɗi dai ki tanadi wajen fam 30 kowane babba in har da cikin gidan. Yara ƙasa da haka.

Ɗan Fagge:
Fam 30 ina? Mu ko sisi ba mu biya a ƙofa ba, kuɗin ajiye mota kaɗai na bayar, muka wuni.

Ummu Haidar:
To ai kai ba ka shiga ba, a cikin tumaki ka wuni. Filin waje kyauta ne, kowa ya sani. Gida da lambu da gonar dabbobin yara su ake biya.

Sailuba:
Ni dab da Kirsimeti na je, talatin ba ta ishe ni ba. Ko nawa ne dai, kada ki kuskura ki juya wa Hajiya kuɗin zuwa naira. Tawa da ta ji kuɗin shayi kofi ɗaya a irin wuraren nan sai ta ajiye, ta ce a mayar musu, ba ta sha ba.

Kawu na Manchester:
Ni duk lokacin da na ji sunan wurin nan sai gabana ya faɗi, kuma ba laifin wurin ba ne. Bari in ba ku labari, ko wani zai tsira.

Shekara biyu ke nan, bayan Babbar Salla, muka ce a fitar da iyali su sha iska, yaranmu su san juna, su daina kwana a kan waya. Gida goma sha huɗu suka ce in sha Allahu. Na ce kowa ya turo nasa, aka ce haba Kawu, kai dai ka biya, ranar tafiya kowa zai miƙo maka. Da furfurata na yarda. Na ɗauki shatar doguwar mota mai cin mutum 49, na sayi tikiti, duk da katina. Uwargida ta tashi tun ƙarfe uku na dare, dambun shinkafa kula biyu, kaji goma, zoɓo jarka guda. Ƙanwarta ma ba ta runtsa ba.

An ce ƙarfe takwas a bakin masallaci. Takwas ta yi, daga ni sai direba, Bature, yana duba agogo yana duba ni. Tara ta yi, gida uku. Ina ta kira, wani ya ce ga shi nan a hanya, kana jin ƙarar famfo a bayansa. Wani ya ce ai shi ya ɗauka mako mai zuwa ne. Uku ba su ɗaga ba sam. Goma da rabi direba ya ce ko mu tashi ko ya koma, kuma jiran ma da kuɗinsa. Mu 19 muka tafi, kowane yaro da kujera uku. Muna isa aka kece da ruwa. A cikin mota muka ci dambun nan, tagogi sun yi gumi, ba wanda ke cewa uffan. Da daddare na buɗe waya, sai ga ɗaya daga cikin waɗanda ba su ɗaga ba ya ɗora hotunan biki a Birmingham, ya sha babbar riga yana dariya.

Sama da fam 600 nawa ne a hannun mutane har yau. Muna haɗuwa Juma'a, a gaisa, a tambayi iyali. Ɗaya ma cewa ya yi ai tun da bai je ba, me zai biya? Uwargida ta rantse ba ta ƙara dafa wa taro ko ruwan zafi.

Sailuba:
Innalillahi. Kawu, Allah ya mayar da alheri. Amma kaji goma mutum 19, ai waɗanda suka je ba su yi asara ba.

Bakatsine a Leeds:
Kawu ka yi haƙuri, mai gidan ma an yi masa. Ruwan nan da ke tsartuwa sama a lambun, a 1844 aka yi shi don Sarkin Rasha Nicholas na ɗaya da ake sa ran zai zo. Duke na shida ya sa shugaban masu lambunsa, Joseph Paxton, ya haƙa tafki guda a kan tudun da ke bayan gidan, aka jawo ruwa ta bututu, nauyin gangarowarsa kaɗai ke cilla shi sama, babu inji. Cikin wata shida aka gama, ana aiki har da dare. Sarkin ya zo Ingila, ya koma, bai leƙo ba. Shi ma dai bai ɗaga waya ba.

Kawu na Manchester:
Shi ai ruwansa na nan ana biya a kalla. Ni dambuna fa?

Ɗalibi Sabon Zuwa:
Maman Ilham, na je watan jiya. Ba a shiga da keken jarirai cikin gidan, a waje ake bari. Amma akwai lif saboda masu lalura, kuma suna ba da aron keken guragu, sai dai a kira a tanada tun da wuri.

Baban Sadiq:
Yaro, wata nawa ka yi a ƙasar nan? Mu da muka shekara ashirin muna magana.

Ɗalibi Sabon Zuwa:
Allah ya ba ka haƙuri Baba, wata takwas ne. Amma yaushe rabonka da wurin?

Baban Sadiq:
2011. Gida ne mai shekara ɗaruruwa, me zai canza?

Ummu Haidar:
Kai da ka tura ta yin katin da ba ya aiki. A bar yaro ya yi magana.

Gwaggon Yara:
'Yata, bar su. Na kai tawa mahaifiyar kafin Allah ya yi mata rasuwa, ita ma da ciwon ƙafa. Mun biya mun shiga gidan, kuma in gaya miki gaskiya ba shi ne ya burge ta ba. Zauren farko ta ɗaga kai ta ga zane ya cika rufi, ta ce wanda ya yi wannan ai wuyansa ya gama aiki. Daga nan ɗaki bayan ɗaki, gado, kujeru, hotunan matattu, ba a taɓa komai. Da muka iso zauren gumakan farin dutse, yawancinsu ba sutura, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kama hannun jikanta tana salati har muka fita. Abu ɗaya ta tambaya: mai gidan matansa nawa? Na ce ɗaya. Ta yi shiru, can ta ce to wa ke sharar?

Waje ne ya tafi da ita. Muka shimfiɗa darduma a bakin kogin Derwent, kusa da gadar dutsen nan da ake hango gidan daga kanta. Ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa a ciyawa, ta fi awa biyu tana kallon tumaki. Abin da ya ɗaure mata kai, dabbobi rututu ba makiyayi, ba sanda, ba wanda ya ɗaure ko ɗaya. Muka hango barewa can nesa a ƙarƙashin itatuwa. Na gaya mata filin nan eka dubu ne, kuma ba haka Allah ya bar shi ba, mutum ne ya tsara shi, wani Capability Brown, shekara fiye da ɗari biyu da hamsin da suka wuce, har ƙauye guda aka matsar daga baya don kada ya tare wa mai gida kallo. Ta ce ashe su ma suna da masu tashin talaka. Har ta rasu, in an yi zancen Ingila tumakin nan take faɗa.

In ni ce ke, tikitin lambu zan saya, maigida ya kai yara gonar dabbobi, ke ki zauna da Hajiya. Ku riƙe fulas da lema da rigar sanyi ko da rana ta fito. Salla a kan ciyawa muka yi, ba wanda ya kalle mu sau biyu. Ku dai duba ƙasa kafin ku shimfiɗa, kashin tumaki ko'ina.

Ɗan Fagge:
Kashin tumaki ai ba najasa ba ne a Malikiyya, Gwaggo, tun da ana cin namansu.

Sailuba:
To Malam, kai ka ɗora goshinka. Karnuka fa? Kowane Bature da nasa, wani biyu.

Bakatsine a Leeds:
Ku tafi da ayaba ku ci a can don tarihi. Irin ayabar da ta cika kantunan ƙasar nan sunanta Cavendish, daga sunan gidan nan ne, Paxton ya raine ta a ɗakin gilashi tun wajen 1830 da wani abu.

Kawu na Manchester:
Ina gani ana ta raha. Wanda ya ce bai je ba don haka ba zai biya ba, yana cikin nan, yana karantawa. Ban faɗi suna ba.

Baban Sadiq:
Kawu, ka ga abin da nake faɗa a taro kullum. Ba asusu, ba rasit, komai a kan in sha Allahu. Kuɗin hayar zauren Ƙaramar Salla ma wa ya ga lissafinsa? Fam 20 aka karɓa a hannun kowane gida.

Ummu Haidar:
Fam 15 dai. Kuma mata ne suka yi girki da kuɗinsu, ba wanda ya mayar musu.

Baban Sadiq:
Ni 20 na bayar. To biyar ɗina tana ina?

Ɗalibi Sabon Zuwa:
Mu ɗalibai an ce kyauta ne, da muka je aka ce mu kwashe kujeru.

Maman Ilham:
Gwaggo na gode, Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Na karanta wa tawa, ta yi dariya har da hawaye, yanzu kuma ta kafe sai ta shiga ta ga gidan da ba a san mai shararsa ba. Ga maigida yana cewa lambu kawai. Don Allah wanda ya hau bas ɗin, daga inda yake sauke mutane zuwa ƙofar gidan akwai nisa? Hawa ne ko shimfiɗe?

Kawu na Manchester:
Baban Sadiq, ka kira ni bayan Isha'i. Ina da sunayen duka a rubuce, har da na zauren Salla.