Gadon lilo ko tanti, wanne ya fi a tafiyar ƙasa?

Ɗan Kabi: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni da abokaina muna son mu taka da ƙafa daga Birnin Kebbi zuwa Argungu lokacin bikin kamun kifi, mu bi gefen fadama mu kwana hanya, to tantin da nake da shi nauyi gare shi wlh ga ƙarafa ga turaku, sai na ga wanga gadon lilo na yadi da ake ɗaurawa tsakanin itace biyu, an ce ko kilo ɗaya bai kai ba. Akwai wanda ya taɓa kwana cikinsa?

Bayawuri: Wa alaikumus salam. Ni shi nake kwana ciki in mun tafi bakin ruwa wajen Yawuri. Ka rabu da damshin ƙasa da kunama, ba ruwanka da share waje. Amma ɗan uwa kar ka ja igiyar ta miƙe tsaf, bar shi ya ɗan yi ciki, kuma a karkace ake kwanciya ba a miƙe ba, in ba haka ba ka tashi da ciwon baya. Tsawonsa daga ƙasa kamar na kujera ya isa. Sauro kuwa ta cikin yadin yake cizo daga ƙasa, sayi mai haɗe da gidan sauro.

Tsohon Soja: Yaro, matsalarka itace ce ba nauyi ba. Sai ka samu biyu masu ƙarfi da tazarar mita 4 zuwa 5, a fadama kuwa shinkafa za ka yi ta gani. Kuka ta yi kauri igiya ba ta zagaye ta, gawo ƙaya, sai dai mangwaro ko dogon yaro a bakin gari, nan kuma sai ka gaida mai gari ka nemi izini. Ni ban ma yarda da kwanan daji a wanga zamani ba, ku kwana kusa da mutane.

Bayawuri: Gaskiya ne Baba. Ga sanyin asuba ma, ta ƙasa yake shiga, bargon da ka danne da bayanka ba ya hana komai, shimfiɗa 'yar tabarmar soso a ciki. Duba reshen sama kar busasshe ne, duba jikin itacen kar cinnaka su biyo igiya.

Ɗan Kabi: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To in ban samu itace ba hwa?

Tsohon Soja: Ka riƙo tamfol ƙarami, ka shimfiɗa ƙasa ka kwanta.