Gwajin ƙarfin kanwa da ruwan zoɓo: me ya sa alƙalumanmu suka ƙi haɗuwa?

Ummi_SS2

Assalamu alaikum malamai da yayye. Ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu ta ba mu aiki, mu uku, za mu nuna shi ranar baje kolin ƙarshen zango. Mun zaɓi mu auna ƙarfin kanwar kasuwa, ja da fara, mu ga wadda ta fi. Metil orenj ɗin lab, wato manunin da launinsa ke juyawa idan asid ya gama cinye kanwar, ya ƙare, sai muka dafa zoɓo muka yi manuni da shi. Mun narkar da giram 2 na kanwa a ruwa cm³ 250, muna ɗibar cm³ 25 da fifet (bututun gilashi na ɗibar ruwa daidai awo), muna sakar masa asid ɗin HCl mai ƙarfin 0.1 mol/dm³ daga buret (dogon bututun awo mai famfo a ƙasa). Sau huɗu muka yi, ga cm³ na asid ɗin da ya ci kowane karo: 15.20, 18.90, 16.40 da 20.10. Kowacce a cikinmu inda take ganin launi ya juya daban. Laifin zoɓon ne, ko na kanwar, ko hannunmu ne? Saura mako biyu, don Allah a taimaka.

Malam_Sinadari

Wa alaikumus salam ɗiyata. Zoɓon bai yi laifi ba, aikin da ba nasa ba kuka ɗora masa.

Abin da ke ba zoɓo launi shi ne antosayanin, kuma ba ya juyawa lokaci guda kamar fenolftalin, wani manunin lab. Hawa-hawa yake yi. A cikin asid mai ƙarfi ja ne wur, a wajen pH (ma'aunin asid da alkali) 4 zuwa 5 sai ya koɗe ya zama ruwan hoda, kusa da 7 ya yi shunayya mai toka-toka, daga 8 zuwa sama ya karkata kore, in alkali ya yi yawa kuma ya lalace ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, daga nan ba ya dawowa. Ita kuma kanwa, duk da sunan fotash da 'yan boko suka laƙaba mata, yawancinta gishirin sodiyam ne: turona, wato Na₂CO₃·NaHCO₃·2H₂O, gauraye da yashi da gishirin miya da sauran tarkace. Idan kika zuba mata asid, mataki biyu take bi. Kabonet ya fara komawa baikabonet, wannan yana ƙarewa a wajen pH 8.3. Sannan baikabonet ya koma ruwa da iskar CO₂, wannan kuma sai a wajen pH 4. Tsakanin matakan biyu, iskar da ta narke a ruwan da ragowar baikabonet suna riƙe pH a kusa da 6, yana sauka a hankali kamar tafiyar hawainiya. Manuni mai jan ƙafa ya haɗu da ruwa mai jan ƙafa. Wadda ta tsaya a 15.20 ta ga farkon ruwan hoda ne, wadda ta kai 20.10 ta jira ja sosai, kuma duk cikinku babu wadda idonta ya yi ƙarya.

Mafita ita ce ku juya gwajin baya. Ku ɗebi cm³ 25 na ruwan kanwa, ku zuba masa cm³ 40.0 na HCl gaba ɗaya, wanda ya fi abin da kanwar za ta iya ci. Ku ɗora a wuta kaɗan ya tafasa minti biyu zuwa uku don CO₂ ya fita, da ƙaramin mazurari a bakin kwalbar kada ya fantsalo. Ku bar shi ya huce sarai. Sai bayan ya huce za ku ɗiga zoɓo, domin zafi na kashe launinsa. Daga nan ku sa alkalin NaOH mai 0.1 mol/dm³ a buret ku auna asid ɗin da ya rage. Yanzu asid mai ƙarfi ne da alkali mai ƙarfi, pH yana tsalle daga kusan 4 zuwa kusan 10 cikin ɗigo biyu, kuma zoɓo zai tashi daga ruwan hoda ya faɗa kore a gaban idonku, ba gardama.

Ga lissafin. Nauyin mol ɗaya na turona giram 226 ne, kuma kowane mol yana cin mol uku na HCl. Da giram 2.00 ɗinku turona ce zalla, kowane cm³ 25 zai ci cm³ 26.55 na asid. In a ce taku ta ci 19.00, wato abin da ya rage bayan kun cire adadin NaOH daga 40.0, sai ku raba 19.00 da 26.55, ya ba ku kusan kashi 72 cikin 100.

Mai_Kula_da_Lab

Malam ya warware babbar matsalar. Ni ta wajen hannu da kayan aiki zan shigo, don ko an gyara hanya, nan ma ana zubar da alƙaluma.

Ƙanwata, kin ce kun dafa zoɓo. Kada ku dafa shi kamar na sha. Ku sami busasshe mai duhun ja, giram 5, ku zuba masa ruwan zafi cm³ 100 wanda bai kai ga tafasa ba, ku rufe minti goma zuwa sha biyar, ku tace. Ba citta, ba kanunfari, ba sukari. A kofin gilashi ko roba za ku jiƙa, ba a tukunyar dalma ko ta ƙarfe ba, saboda antosayanin yana kama ƙarfe launinsa ya gurɓace. Farin zoɓo ba ya yi sam. Wanda kuka haɗa ku sa a kwalba mai duhu, kuma kada ya wuce kwana biyu ko uku ko da a firji, zai dusashe ya fara hunhuna.

Abu na biyu, zoɓo shi kansa asid ne. Shi ya sa iyayenmu mata ke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami. Kenan duk ɗigon da kuka sa yana cin wani abu daga alkalinku. In wannan karon an sa ɗigo uku, wancan karon an tuttula rabin cokali don launi ya fito, an riga an ɓata gwajin tun kafin a buɗe buret. Ku tsaya a ɗigo huɗu kowane lokaci, da abin ɗigawa guda. Sannan ku yi gwajin wofi: cm³ 40.0 na HCl, cm³ 25 na ruwa zalla a madadin kanwa, ɗigo huɗu na zoɓo, ku auna da NaOH. In na wofi ya ci 40.20, na kanwa ya ci 21.20, bambancin 19.00 shi ne rabon kanwa, tsamin zoɓon ya soke kansa a ragin. In kuwa na wofi ya yi nisa da 40, a ce 43, NaOH ɗinku ya yi rauni, sai ku ninka bambancin da 40 ku raba da 43. Hakan na faruwa sosai, don ƙwayoyin NaOH suna shan danshi da CO₂ na iska tun suna kan ma'auni. Giram 4.0 a lita ɗaya ke ba da 0.1 a takarda, amma a kwalba da wuya ya cika.

Kanwar ma ba a ɗaukar gutsure ɗaya a auna. Wani gefen dunƙulen yashi ne, wani gefen gishiri. Ku daka kamar giram 20 ya yi laushi, ku gauraya, sannan ku ɗebi 2.00. Ku narkar da shi a ruwa kaɗan, ku tace, ku wanke abin da ya rage a takardar tacewa sau biyu ko uku cikin kwalbar awo, sannan ku cika zuwa layin 250. Ku toshe ku kifa kwalbar ku ɗago kamar sau goma sha biyar. Wanda bai yi haka ba, ruwan sama-sama da na ƙasa ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Takardar nan da yashinta kada ku yar, ku shanya ku auna, ita ma sakamako ce, kuma ranar baje koli ita mutane za su fi tsayawa kallo.

Sai buret. A ɗauraye shi da abin da za a zuba masa, fifet ma haka, amma kwalbar da ake ɗigawa ciki ruwa zalla kawai take so. A kori kumfar iska da ke maƙalewa ƙasan famfo, a cire mazurari kafin karatun farko, a karanta ƙasan lanƙwasar ruwa ido daidai da layi, a shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin kwalba. Gwajin farko na lalube ne. Daga na biyu, idan saura cm³ 1 ku kai inda na farko ya juya, sai ɗigo-ɗigo ana karkaɗawa. Mutum ɗaya ya riƙa yanke hukuncin launi, kuma ku ajiye kwalbar da ta juya daidai a gefe kuna kwatantawa. Ba a ɗaukar matsakaici sai na alƙaluman da tazararsu ba ta wuce 0.20 ba, kuma da lamba biyu bayan ɗigo ake rubutawa. Wannan ɗabi'ar za ta yi muku rana a furaktikal na WAEC da NECO. Da kun gama ku wanke buret nan take, NaOH na manne famfon gilashi har ya ƙi juyawa.

Antin_Kemistiri

Malam, a gafarce ni, ina da ja a kan kashi 72 ɗin nan. Lissafin ya ɗauka cewa duk alkalin da ke cikin kanwar turona ce, kabonet ɗaya baikabonet ɗaya. Kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga ba daga masana'anta take fitowa ba, rabon gishirin cikinta yana bambanta daga wannan tafki zuwa wancan. In alƙalin baje koli ya san aikinsa, nan zai kama su. Gara su rubuta cewa sun auna jimillar alkali, sun bayyana shi a matsayin Na₂CO₃. Wato cm³ 19.00 na asid mol 0.0019 ne, rabinsa 0.00095, a ninka da 106 ya ba da giram 0.1007 a cm³ 25, kusan giram 1.01 kenan cikin giram 2.00, kashi 50 cikin 100. Da wannan ma'aunin ana iya jera ja da fara har da ungurnu a kwatanta ba tare da an yi da'awar abin da ba a gwada ba.

In sun sami aron fenolftalin daga wata makaranta, za su iya raba biyun. Su ɗiga shi a ruwan kanwa su sa HCl har ruwan hoda ya ɓace, wannan adadin na kabonet ne zuwa baikabonet. Su ninka shi biyu su cire daga jimillar, abin da ya rage na baikabonet ɗin asali ne. A turona zalla, adadin farko sulusin jimilla ne cif, 8.85 cikin 26.55.

Sannan ba wanda ya tambayi HCl ɗin. Wa ya ce 0.1 ne? Yawanci cm³ 8.6 na mai kauri ake zubawa a lita ɗaya, kuma kwalbar da ta daɗe ana buɗewa ta yi asarar ƙarfi. A gwada shi da Na₂CO₃ busasshe: giram 1.325 a cm³ 250 yana ba da 0.05 mol/dm³, cm³ 25 nasa ya kamata ya ci cm³ 25.0 na asid. In babu shi a lab, a gasa bakin soda (baking soda, wato NaHCO₃) a wuta mai ƙarfi ana aunawa har nauyinsa ya daina raguwa, giram 5.00 zai tsaya a wajen 3.15. Bakin soda na ce, ba bakin fauda ba, wancan akwai asid da sitaci a cikinsa.

Malam_Sinadari

Gyaranki ya karɓu, Malama. Su bi naki wajen rubuta sakamako, nawa su bar shi a matsayin abin kwatance.

Ummi_SS2

Mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Mun ga kurakuranmu, zoɓon ma da ludayi muke zubawa. Tambaya ɗaya ta rage: ruwan burtsatse muka yi amfani da shi, don na lab ya ƙare. Wata ta ce mu sayi ruwan batir. Ya yi?

Mai_Kula_da_Lab

Ku yi hattara da kalmar nan, ƙanwata. Abu biyu ake kira ruwan batir a wajen masu cajin batir. Akwai tataccen ruwa zalla na ƙari, akwai kuma asid ɗin salfa, wanda ke cin tufafi da fata. Ku sayi wanda ke rufe da tambarinsa, malaminku ya duba, sannan ku gwada shi da abin da ke hannunku: ku ɗebi kaɗan ku jefa masa ɗan bakin soda, in ya yi kumfa asid ne, ku nisance shi.

Ruwan burtsatse da na rijiya sukan zo da baikabonet nasu, sai ku lissafa wa kanwa ƙarfin da ba nata ba. Ruwan leda (fiya wata) ma ba a cire masa gishirinsa duka ba. In tataccen ya gagara, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki yana yi in an tara a kwalba mai tsabta an tace, haka ruwan sama da aka tara a fili bayan ya ɗan jima yana zuba, ba na indararo ba. Kowanne kuka samu, ku tafasa ku huce, kuma da shi za ku yi komai har da gwajin wofi, kada a sauya ruwa a tsakiyar aiki.

Haɗa HCl daga mai kauri aikin malami ne, kuma asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba. NaOH ya fi asid mai rauni haɗari ga ido, don haka tabarau dole ne, a ɗaure mayafi ta baya kada ya leƙa wuta, kuma ba a zuƙar fifet da baki. In babu robar zuƙa, ku haɗa sirinji mai cm³ 50 da guntun tiyo a saman fifet ɗin. In wani abu ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti goma sha biyar sannan a tafi asibiti.

Ragowar zoɓon ku jiƙa takardar tacewa a ciki, ku shanya a inuwa, ku yanka siri-siri. Masu kallo su riƙa tsomawa a ruwan lemon tsami, da ruwan tsamiya, da ruwan toka, da ruwan kanwa, suna ganin launi na juyawa a hannunsu kafin ku nuna musu alƙaluman.